Pampon tsakar gida yana ɗiga, maigida ba ya gari: me zan iya gyarawa da kaina?

Maman Nana, Garin Malam

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ruwa. Maigida yana Agadas wajen aiki, sai bayan Babbar Salla muke sa ran shi, gidan daga ni sai yara da tsohuwarsa. Pampon tsakar gidanmu ya fara ɗiga tun kafin azumi. Da farko in na murɗe shi da ƙarfi yana tsayawa, yanzu kuwa ko hannu biyu na sa sai ya yi ta ɗis-ɗis, har ta wuyansa ma, ƙarƙashin abin murɗawar, ruwa na tsattsafowa. Unguwarmu a nan Damagaram ruwa ba ya zuwa sai tsakar dare, wani lokaci ƙarfe biyu, wani lokaci gab da asuba. Da rana pampon a bushe yake ƙayau, ba mai ganin laifinsa. Sai da safe in tarar gindinsa ya yi caɓi, har katanga ta fara jiƙa daga ƙasa, ga shi katangar ƙasa ce.

Na aika yaro ya kira wani plombiye, wato mai gyaran pampo. Ya zo da rana tsaka, babu ruwa, ya kwance ya ɗaure, ya karɓi jikka biyu, ya ce ya gama. Daren ranar abin ya dawo sabo. Na kira shi, ya ce yana wani aiki, gobe in sha Allah. Har yau goben ba ta yi ba. Kuma gaskiya ba na son baƙon namiji yana yawan shigo mini gida maigida ba ya nan, tsohuwa ma ba ta so.

Ba pampon kaɗai ba ne. Masai na zamani da ke ɗakin maigida, in ruwa ya zo sai in riƙa jin tankinsa yana shuuu bai tsayawa. Wurin wanke-wanke kuma ruwa ya fara kwanciya, sai ya daɗe kafin ya wuce. Faktir ɗin watan jiya, wato takardar kuɗin ruwa, ta fi ta kullum, alhali rabin ruwan da muke amfani da shi wajen ƴan garuwa muke saye.

Tambayata: wane kayan aiki ya kamata in ajiye a gida, waɗanda ba za su cinye mini kuɗin cefane ba? Wane gyara ne mace za ta iya da hannunta, wane ne kuma bai kamata in taɓa ba? Ina da yaro ɗan shekara goma sha uku da zai taya ni.

Tsohon Birni

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya dawo da maigida lafiya, a gaida tsohuwa. Ni ba plombiye ba ne na takarda, amma na daɗe ina aikin gyare-gyare a wata makarantar kwana kafin in yi ritaya, kuma babu irin ɓarnar da ɗalibai ba su yi wa pampo ba a gabana.

Kafin ki sayi ko da turnabis, abin kwance sukuru, je ki nemo makullin ruwan gidanki. Yana nan kusa da kontar, wato abin da ke ƙidaya ruwan da gida ya sha. Akwai wanda ke gabanta, ta wajen titi: wannan na kamfanin ruwa ne, da shi da kontar ɗin da ƴar dalmar da aka liƙa mata, babu hannunki a ciki. Naki shi ne wanda ke bayan kontar, ta wajen gida. In mai dogon hannu ne, idan hannun ya bi tsawon tiyo to a buɗe yake, idan ya gitta a rufe yake. In mai zagayayyen kai ne, murɗawa dama shi ne rufewa. Gidaje da yawa a Damagaram ba su da shi sam, ko kuwa yana nan ya ƙame don an yi shekaru ba wanda ya taɓa shi. Mutane na cewa ai ruwan ma ba ya zuwa da rana, me za a rufe? To ki kwance kan pampo da la'asar kina cewa ba ruwa, ki aika kasuwa ba a samo abin da ake nema ba, ki ce sai gobe, ƙarfe biyu na dare ruwa ya iso kuna barci. Da katangar ƙasa. In gidanki babu wannan makulli, shi ne aiki ɗaya da zan ce ki biya a zo a saka miki ba tare da ciniki ba. A shago ki ce van.

Yanzu bari in gaya miki abin da ke kashe pampo a garin nan, don in kin gane shi rabin gyaran ya ƙare. Damagaram bisa dutse take zaune, duk wanda ya ga duwatsun Birni ya sani. Ruwan da muke sha turo shi ake yi daga wajen gari, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, sai Ganaram daga baya. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mayar Yamai a 1926, kin ga ba yau aka fara ba. Tiyon da ya wuni babu ruwa iska ce ke cika shi. Idan ruwa ya dawo sai ya zo yana tari yana tofi, ya kwaso yashi da ɓarɓashin tsatsa na tsofaffin tiyo. A cikin pampo irin na murɗawa akwai ƴar baƙar roba, juwan, wadda ke sauka ta zauna kan wani zagayayyen mazauni ta toshe ruwa. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakaninsu, pampo ya fara ɗiga. Mutanen gida su ƙara murɗewa da ƙarfi, yashin ya nutse cikin robar ya yage ta, daga nan ya fara cin mazaunin kansa. Hannu biyun nan da kike sa masa shi ke ƙarasa shi. Ki hana yara ma.

Kayan aiki ba su da yawa. Kile molet guda, wato abin kwance noti da ake ƙara ko rage bakinsa, matsakaiciya, wadda bakinta ke buɗewa har wajen milimita 30. Ita ce za ki fi kashe wa kuɗi, kuma kada ki sayi mai arha sosai: ki riƙe ta a shago ki girgiza, in muƙamuƙinta na rawa ki ajiye, don irin wannan ita ke zamewa ta cinye kusurwar noti har ya zama ba abin da zai kama shi. Sai pensa mai daidaitawa, wadda bakinta ke ƙara faɗi. Sai turnabis biyu, mai faɗin baki da mai gicciye. Sai teflon, farar siririyar ledar nan da ake naɗa wa haƙoran pampo, naɗi biyu, kuɗinsa bai kai na kabu-kabu ba. Zarton ƙarfe da kol, wato gam na liƙa tiyo, ki bar su tukuna, sai buƙata ta taso, don kol in an buɗe shi aka ajiye cikin zafin bazara daskarewa yake yi a gwangwani. Duk ana samu a kasuwar Dole ko shagunan kayan gini. Tsohon buroshin haƙori da tsumma kuwa kina da su.

Ga yadda za ki yi da pampon. Rufe makulli, buɗe pampo ya tsiyaye. A saman abin murɗawar akwai ɗan sukuru, wani lokaci a ɓoye ƙarƙashin ɗan murfi mai launi. Cire shi, ki zare kan. Za ki ga noti babba mai kusurwa shida da ya shiga jikin pampo. Nan ne ake ɓarna, saurara da kyau: yaron ya riƙe jikin pampon gam da pensa, ke kuma ki murɗa notin hagu da kile. In ba a riƙe ba, ƙarfin da kika sa zai tafi ne ga tiyon da ke cikin bango ko ƙasa, ki je gyaran ɗiga ki karya tiyo. In ya ƙi motsi ki ɗiga masa man keke ko na injin ɗinki, ki ba shi lokaci, kada ki doke shi da guduma. Idan cikin ya fito, juwan ɗin na ƙasansa. Kada ki aika yaro da baki, a ba shi abin da aka ga dama. Ki ba shi cikin pampon gaba ɗaya a leda ya kai shago a gwada, ya sayo juwan uku ko huɗu daidai da shi. Kafin ki mayar, ki sa yatsa cikin jikin pampon ki shafa mazaunin. In sumul yake, goge shi da buroshi, shi ke nan. In kin ji tsaga ko rami, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, sai dai sabon pampo.

Tsattsafowar wuya kuma wani abu ne daban, kuma ya fi sauƙi. Akwai ƙaramin noti a inda sandar murɗawa ta fito. Ki ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, rubu'in zagaye. In bai daina ba ki kwance shi, ki murza teflon ya zama kamar zare, ki naɗa wa sandar zagaye uku ko huɗu, ki tura ciki, ki mayar da notin. In pampon irin wanda ke da ƴar zoben roba a wurin ne, sai a canza zoben.

In abin ya kai ga sabon pampo, na tsakar gida galibi 15/21 ne ko 20/27, amma nan ma ki tafi da tsohon. Ki ɗaga su a hannu, mai nauyi shi ne tagullar kirki. Mai sheƙi marar nauyi bai kai wata bazarar. Teflon ana naɗa shi ne a kan haƙoran namiji, ki fuskanci bakin haƙoran ki naɗa yadda hannun agogo ke tafiya, a ja shi ya kwanta cikin haƙoran, zagaye goma zuwa sha biyar in siriri ne. In kika naɗa ta baya, garin ɗaurewa warwarewa zai yi ya tattaru a waje. Ki fara ɗaurewa da hannu, sannan kile. Idan ya tsaya daidai kada ki koma baya da shi don ki miƙe bakinsa. In kin koma, kwance ki sake sabon teflon.

Abin da ya same ki da plombiyen nan shi ne ciwon garinmu: gyaran da aka yi babu ruwa ba wanda ya san ya yi ko bai yi ba, har shi mai gyaran. Don haka daren da kika yi gyara sai kin tashi. Ki bar makulli a rufe, in kin ji maƙwabta sun fara tara ruwa, ki buɗe pampon gaba ɗaya, sannan ki buɗe makulli a hankali. Ki bar iska da ruwan farko mai yashi su fita cikin bokiti, ki yi wa bishiya ko shara da shi, sai ya yi fari sannan ki rufe pampon da yatsu uku, ba da ƙarfi ba. Ki share shi ya bushe, ki naɗa masa busasshiyar takarda a wuya da gindi, ki haska da tocila bayan ɗan lokaci. Ni kuma ra'ayina, duk plombiyen da ya yi aiki da rana a ba shi rabin kuɗi, sauran sai ruwa ya zo ya ba da shaida.

Maganar faktir, kontar ba ta ƙarya in kin iya tambayarta. Baƙaƙen lambobi mita kib ne, kowane ɗaya lita 1000, wato bido 40 mai lita 25. Jajayen su ne litoci. Lokacin da ruwa ke tafe sosai, ki rufe duk pampunan gida, ki kalli ɗan tauraron da ke tsakiyarta. In yana juyawa, wani wuri na shan ruwanki. Ni dai masai ɗin nan nake zargi fiye da pampon.

Hajiya ta Zengo

Ƙanwata, Baba ya gama magana kan pampo, ni masai da wurin wanke-wanke zan taɓa, don su na fi sani. Maigidana direban babbar mota ne, kin ga ni ma ba ni da mai kira.

Ɗaga murfin tankin ki leƙa, ba abin tsoro a ciki, ruwa ne mai tsabta. Abu biyu ne ke sa shi kuka. Ko dai fulotar, abin nan da ke yawo saman ruwa, bai rufe ruwa in tanki ya cika, sai ruwan ya haura ya riƙa bi ta bututun tsakiya yana zuba cikin masai. Ko kuma faffaɗar robar da ke ƙasa, wadda ke ɗagawa in an ja, ta taurare ko yashi ya kwanta ƙarƙashinta. Yadda za ki bambance: ɗaga fulotar sama da hannu lokacin da ruwa ke shiga. In ya tsaya cak, saiti kawai yake so, ki sauke shi kaɗan ta sukurunsa don ruwa ya tsaya yatsa biyu ƙasa da bakin bututun. In bai tsaya ba, yashi ne a bakinsa ko ƴar robarsa ta mutu. Ita kuma robar ƙasa, ki jiƙa bula ta wanki ki zuba cikin tankin, kada kowa ya ja. In bayan ɗan lokaci kin ga shuɗi a cikin masai, ita ce. Yawancinsu murɗawa kaɗan ake yi abin tsakiyar ya fito, ki wanke robar da mazauninta. Wani lokaci juya ta kawai nake yi ta ɗaya fuskar, ta ƙara kai ni wata da watanni. Kuma tunda ɗakin maigida ne ba kowa ciki, akwai ɗan makulli a gefen tankin, ki rufe shi yau ɗin nan, kukan ya tsaya har ki samu sukuni.

Wurin wanke-wanke kuwa mai ne da guntun tuwo da shinkafa. In lababo ne, wato kwanon wanke hannu da ake kafawa a bango, a ƙarƙashinsa akwai wani abu kamar kofi, da hannu ake kwance shi. Sa bokiti a ƙasa tukuna, ki toshe hanci. Ki kula da zoben robarsa kada ya bi ruwan datti a zubar. In kuwa rariya ce ta siminti, ki cire murfin ki sa waya mai lanƙwasasshen baki ki jawo abin da ke ciki, sannan ruwan zafi da omo, ba tafasasshe ba don tiyon roba ne. Daga nan ki sa ƴar raga a bakin, ki kuma hana a zuba man suya.

Amma Baba, a yi mini afuwa, pensa da kile duka ba dole ba ne ga mai lissafin cefane. Ni kile guda gare ni, ta biyun wajen mai gyaran moto na bakin layi nake ara.

Plombiye ɗan Sabon Gari

Gaisuwa ga Baba da su Hajiya. Ni sana'ata ke nan, kuma ba na jin haushi in mace ta canza juwan da kanta. Aikin ne ma ba ya biyan kuɗin man moto, shi ya sa in an kira mu kansa muke cewa gobe. Ban ce daidai ba ne, amma gaskiyar ke nan.

Sai dai Baba, maganar rabin kuɗi ban yarda da ita ba. Unguwar da ke kwana uku ruwa bai zo ba, ni in ci me? Kuma wanda ya riƙe rabin, in ruwa ya zo aiki ya yi kyau, waya ma ba ya ɗauka. Abin da nake yi, in gida na da tanki ko shato a sama, da ruwansa nake gwadawa nan take. In babu, in nuna wa mai gida tsohon abin da na cire da sabon da na saka. Hajiya Maman Nana, wanda ya zo miki ya nuna miki tsohuwar robar? In bai nuna ba, ina jin ɗaurewa kawai ya yi.

Abin da nake roƙo a bari. Na farko, dumama tiyon roba a kan gawayi don a buɗe bakinsa a cusa wani. Kowa na yi, har wasunmu, amma wurin da wuta ta taɓa sirancewa yake yi, kuma nan yake fashewa daren da ruwa ya zo da ƙarfi. Mahaɗi na shago ba shi da tsada. A yanka tiyo daidai da zarto, a goge bakin da samfefa, a share ƙura da laima, a shafa kol ciki da waje, a tura lokaci ɗaya a riƙe kamar rabin minti, kuma kada a sakar masa ruwa sai ya yi awoyi. A kula kuma, tiyon zubar da ruwan datti daban, na ruwan pampo daban. Na farkon siriri ne, ba ya ɗaukar matsi, ko da faɗinsu ya yi kama. Wanda ake kira PPR kuwa ba ya jin kol sam, da injin zafi ake haɗa shi, wannan sai mu.

Robar cikin tayar moto da ake yankawa a ɗaure tiyon da ya huje, tana aiki, ni ma ina ɗaurawa in dare ya yi. A ja ta sosai, a fara daga gefen hujin a bi ta kansa a wuce. Amma ta kwana biyu ce. Rana na cinye ta, kamar yadda take cinye tiyon roba da aka bari a fili har ya riƙa karyewa da taɓawa. A binne shi ko a rufe shi.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi ba ni tsoro: asid da sodar da ake sabulu da ita, da mutane ke zubawa a rariya. Kada a haɗa jabel, wato bilic na wanki, da asid ko wani maganin wanke masai, iskar da ke tashi tana iya kwantar da mutum a cikin ƙaramin bayi. In kuma kun riga kun zuba wani abu bai wuce ba, ku gaya wa wanda kuka kira kafin ya sa hannu.

Maman Nana, Garin Malam

Na gode Baba, na gode Hajiya, Malam plombiye kai ma na gode. A'a, bai nuna mini komai ba.

Makullin yana nan bayan kontar, mai dogon hannu, ƙasa ta rufe rabinsa. Da mai da lallashi ya motsa. Mun kwance pampon ni da yaron, robar ta tsage gida biyu, har da wani jan ɓarɓashi a manne. Mazaunin sumul yake a yatsana. Mun saka sabuwa, na tashi da dare na yi yadda Baba ya ce, takardar ba ta jiƙe ba. Tsohuwa tana zaune bakin ƙofarta da carbi tana kallonmu, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mace da kile ba. Masai kuma na rufe ɗan makullinsa kamar yadda Hajiya ta ce, sai ranar Alhamis in an shiga Dole a nemo robar.

Saura abu biyu. Pampon ɗakin girki shi ma yana ɗan ɗiga kuma ruwansa ya ragu, amma shi ba irin na murɗawa da yawa ba ne, juyi kaɗan yake yi ya buɗe. Na kwance ban ga baƙar roba irin waccan ba. Sannan daren jiya, duk da na rufe komai, na ga tauraron kontar yana ɗan motsi, ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. Wannan fa?

Tsohon Birni

Madalla ƴata, Allah ya yi albarka, ya raya yaron. Ki gaya wa tsohuwa yanzu ta gani.

Na ɗakin girki mai rubu'in juyi ne. Maimakon roba, wasu ƴan fararen faifai biyu ne na tangaran a ciki, ɗaya na gogar ɗaya. Suna da daɗin hannu amma ba sa shiri da yashi, in ya karce su babu gyara, sai a canza cikin gaba ɗaya. Ki kai shi shago a gwada tsawonsa da haƙoran kansa inda abin murɗawa ke shiga, don ba duka ke hawa juna ba, kuma akwai mai buɗewa dama akwai mai buɗewa hagu. Raguwar ruwan kuma ki duba bakin pampon, akwai ƴar raga da ake kwancewa. Naɗa tsumma kafin ki kama da pensa don kada ta karce. Za ki tarar da yashi cike. In farin abu ya daskare a jiki, ki jiƙa ta cikin binegar ko ruwan lemun tsami ta kwana, ki goge da buroshi.

Tauraron kuwa, ya danganta da lokacin da kika duba. In farkon zuwan ruwa ne, iskar da ke cikin tiyo na iya motsa shi, ta matse ta saki, wannan ba yoyo ba ne. Ki jira sai ruwa ya daidaita, an gama cika tano da bido, ki rubuta jajayen lambobin a takarda, ki hana kowa taɓa pampo na awa guda, ki sake karantawa tun ruwan bai ɗauke ba. In lambar ba ta canza ba, ki kwanta. In ta ƙaru, kuma masai a rufe yake, ba ku da tanki a sama da ke cika, to yoyon a ƙasa yake. Da safe kafin rana ta yi zafi ki bi hanyar tiyon daga kontar zuwa pampo, ki nemi inda ƙasa ta fi duhu, ko ciyawa ta fito a bazara, ko tururuwa suka taru. Ki duba gindin katangar nan ma: in pampo ya daina ɗiga amma ita ba ta fara bushewa ba cikin mako, ba shi kaɗai ke jiƙa ta ba. Tsofaffin gidaje tiyon ƙarfe ne a binne, kuma galibi a wajen mahaɗi yake ruɓewa. Wannan ba aikinki da yaro ba ne, ki nemi ɗan Sabon Garin nan ko waninsa, a sa ranar da ƙanen maigida ko wani namiji na gida zai tsaya. Kafin nan, kullum in kun gama tara ruwa ki rufe makulli. In an zo haƙa kuma ki ce a canza tsawon gaba ɗaya daga kontar zuwa pampo, kada a yi faci a wuri ɗaya.